Yadda Ake Neman Tallafin Karatu da Kuɗin Bincike Ga Ɗaliban da Aka Bari a Baya

Akwai kuɗin karatu da aka ware musamman domin mutanen da ba kasafai ake ganinsu a azuzuwan jami'a da ɗakunan bincike ba: mata a fannin kimiyya da injiniyanci, masu nakasa, 'yan gudun hijira, 'ya'yan talakawa, ɗalibin da shi ne ya fara taka jami'a a zuriyarsu, da ƙabilun da suke tsiraru a ƙasarsu. Abin da ke ci mini rai shi ne, waɗanda aka tanadi kuɗin dominsu su ne na ƙarshe wajen jin labari. Wanda mahaifinsa ko yayarsa ta taɓa bin hanyar, tun yana sakandare ya san watan da ake buɗe fom da irin takardun da ake tambaya. Wanda ba shi da kowa a gaba kuwa, sai ya ji labari saura kwana huɗu a rufe. Ga yadda ake bin hanyar daki-daki, tun daga gano mai bayarwa har zuwa bayan an samu.

Mataki na farko: ka san rukunin da kake ciki a idon mai ba da tallafi

Rashin wakilci ba abu ɗaya ba ne a ko'ina. Mace a ajin koyon aikin jinya ba ta cikin tsiraru, amma ita ɗin a ajin fiziks ko injiniyanci tana ciki. Wanda ƙabilarsa ke da rinjaye a ƙasarsa zai iya zama tsiraru idan ya tsallaka iyaka. Kowane mai ba da tallafi yana da nasa ma'aunin, kuma da nasa zai auna ka, ba da naka ba.

Saboda haka ka ɗauki takarda ka rubuta gaskiyar halinka: ƙasar da ka ke ɗauke da fasfonta, ƙasar da kake zaune, jinsi, shekaru, ko kana da nakasa, ko kana da katin rajistar ɗan gudun hijira, matakin karatun iyayenka, abin da gidanku ke samu a shekara, matakin karatun da kake nema da kuma fanni. Wannan takardar ita ce rariyar da za ka tace duk wata sanarwa da ka gani.

A nan mutane da yawa ke ɓata watanni, musamman da shirye-shiryen Amurka. Ƙasar tana da tsoffin ƙungiyoyi na tallafa wa tsirarunta: UNCF da aka kafa a 1944 domin ɗalibai baƙaƙen fata, Hispanic Scholarship Fund na 1975, American Indian College Fund na 1989 domin 'yan asalin ƙasar, da shirin McNair wanda aka kafa don shirya 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da tsiraru domin digirin digirgir, mai ɗauke da sunan Ronald McNair, ɗan sama jannatin da ya rasu a hatsarin kumbon Challenger a 1986. Mafi yawan irin waɗannan, har da tallafin Pell na gwamnati da ake nema ta fom ɗin FAFSA, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin da wasu rukunan baƙi ƙalilan. Idan kana cikinsu, ka nema da ƙarfinka. Idan daga waje kake, kada sunan shirin ya ruɗe ka. Ka kuma sani cewa tun da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a watan Yuni na 2023 cewa jami'o'i su daina amfani da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, makarantu da dama sun sauya sharuɗɗan tallafinsu, suka koma duba ƙarfin aljihu da tarihin karatun iyaye. Bayanin da aka rubuta kafin wannan lokaci zai iya zama tsohon zance.

Mataki na biyu: ka tattara sunayen masu bayarwa

Idan ke mace ce mai karatun kimiyya, ƙofofinki sun fi yadda kike zato yawa. Ƙungiyar OWSD mai mazauni a birnin Trieste na Italiya tana ɗaukar nauyin digirin digirgir na mata daga ƙasashen da suke baya a kimiyya, su je su yi karatu a wata ƙasa mai tasowa, tana kuma da wani tallafin na daban domin waɗanda suka gama suna son kafa bincikensu a gida. Shirin Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger, wanda ya fara a 2004, na matan ƙasashe masu tasowa ne da ke son digirin digirgir ko binciken bayansa a kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi. Akwai shirin kamfanin L'Oréal da hukumar UNESCO na mata a kimiyya tun 1998. Ƙungiyar AAUW ta Amurka kuma tun 1917 take ba matan da ba 'yan ƙasar ba tallafin karatu mai zurfi.

Ɗan gudun hijira ya fara da DAFI, shirin da Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa tun 1992 da kuɗin da akasarinsu daga gwamnatin Jamus suke fitowa. Yana biyan digiri na farko a ƙasar da mutum ya sami mafaka, kuma ta ofishin hukumar ko abokan aikinta a ƙasar ake nema.

Shirin ɗalibai na gidauniyar Mastercard, wanda aka ƙaddamar a 2012 domin matasan Afirka masu hazaƙa da ba su da halin biya, ya fito fili ya ce yana fifita 'yan mata, 'yan gudun hijira da masu nakasa. Ka lura da kyau: ba wurin gidauniyar ake nema ba. Kowace jami'ar da ke cikin shirin tana da nata fom da nata ranar rufewa. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda shi ma yana da tallafi ga al'ummomin Musulmi da ke zaune a ƙasashen da ba mambobinsa ba, da wasu shirye-shiryen na karatu mai zurfi ga 'yan ƙasashen da ke cikinsa.

Kada kuma ka tsaya ga shirye-shiryen da aka rubuta sunan rukuninka a kai. Manyan tallafi na kowa da kowa su ma suna neman mutane daga wuraren da ba a saba gani ba: Chevening na gwamnatin Birtaniya, Commonwealth, Fulbright na Amurka, DAAD na Jamus, Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, Gates Cambridge. Mai neman digiri na farko ya sani cewa akwai jami'o'i ƙalilan a Amurka, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst, waɗanda ba sa duba aljihun ɗalibi kafin su ɗauke shi ko da baƙo ne, idan kuma suka ɗauke shi sukan cike abin da iyayensa ba za su iya biya ba. Shiga can da wuya ƙwarai, amma ba kuɗi ne ke tare hanyar ba.

Wurin da aka fi mantawa shi ne ofishin tallafin ɗalibai na makarantar da kake ciki ko wadda kake nema, da ƙungiyar masana ta fanninka. Ƙananan tallafi na can, kuma masu neman su ba su kai na manyan yawa ba. Domin shawara kyauta, cibiyoyin EducationUSA na gwamnatin Amurka da ofisoshin British Council da na DAAD suna amsa tambayoyin ɗalibai.

Daga duk abin da ka tara, ka zaɓi shida zuwa takwas. A ganina ɗalibin da ya cika fom shida da natsuwa ya fi wanda ya watsa talatin da rubutu iri ɗaya.

Mataki na uku: ka karanta sharuɗɗa a shafin mai bayarwa da kansa

Ba a shafin da ya kwafo sanarwar ba, ba kuma a saƙon da ake yawo da shi a WhatsApp ba. Ka je tushe, ka karanta daga farko har ƙarshe, ka nemi amsar tambayoyi uku.

Ta farko, shin na cika ƙa'ida? Chevening, alal misali, na digiri na biyu ne na shekara ɗaya, kuma yana buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu, wadda suke ƙirgawa da awa 2,800. Kwasa-kwasan DAAD na fannonin raya ƙasa su ma suna tambayar shekara biyu na aiki. Idan sharaɗi ɗaya ya kuɓuce maka, za a iya fitar da kai tun kafin wani mutum ya ga rubutunka, komai kyawunsa.

Ta biyu, me kuɗin zai biya? Wani tallafin kuɗin makaranta kaɗai yake ɗauka, ya bar ka da masauki, abinci, tikitin jirgi, biza da inshorar lafiya. Wani kuma, kamar Erasmus Mundus, yana haɗawa da alawus na wata-wata, wanda ya kai Yuro 1,400. Ga wanda ba shi da mai tallafa masa a gida, rabin tallafi a ƙasar da rayuwa ke da tsada tarko ne, domin ofishin biza zai ce ka nuna sauran kuɗin a asusu. Mai nakasa ya tambaya ko akwai ƙarin kuɗi na kayan aiki, mai taimako ko masauki na musamman. Mai ɗa ko 'ya ta tambaya ko akwai alawus na yara. Waɗannan tambayoyi ba roƙo ba ne, suna cikin lissafin ko za ka iya gama karatun.

Ta uku, me ake so daga gare ni bayan na gama? Chevening yana sharɗanta ka koma ƙasarka na aƙalla shekara biyu. Tallafin gidauniyar Aga Khan rabi kyauta ne, rabi bashi. Babu laifi a ɗaya daga cikinsu, laifin shi ne mutum ya sa hannu bai sani ba.

Mataki na huɗu: kalanda da takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Manyan shirye-shirye kan rufe karɓar fom kusan shekara guda kafin a fara karatu. Chevening kan buɗe a watan Agusta ya rufe kafin ƙarshen shekara domin karatun da za a fara a Satumba ko Oktoba na baɗi, kuma yawancin kwasa-kwasan Erasmus Mundus tsakanin Oktoba da Janairu suke karɓa. Ka rubuta ranar rufewar kowane shiri, har da sa'a da agogon ƙasar da suke bi, sannan ka sa wa kanka wa'adin mako guda kafin nan.

Takardun da suka fi cin lokaci su za ka fara bi: fasfo, takardar cikakken sakamako daga makarantarka, shaidar kammalawa, da fassarar da hukuma ta amince da ita idan takardunka ba da harshen da ake so aka rubuta su ba. Jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL shekara biyu take aiki, don haka kada ka yi ta da wuri har ta mutu kafin ka yi amfani da ita. Kafin ka biya kuɗinta ma, ka tambayi jami'ar ko tana karɓar wasiƙa daga makarantarka cewa da Turanci aka koyar da kai, wasu suna karɓa. Haka kuɗin cike fom na jami'a, da yawa sukan yafe wa wanda ya nuna ba shi da hali, amma sai wanda ya rubuta ya nema.

Sai takardun da ke tabbatar da rukuninka: rahoton likita na nakasa, katin ɗan gudun hijira, shaidar abin da iyaye ke samu. Idan iyayenka ba masu albashi ba ne, babu takardar biya da za ka nuna, ka rubuta wa masu shirin ka tambayi abin da suke karɓa a madadinta. Ɗan gudun hijirar da takardun makarantarsa suka salwanta a hanya shi ma ya faɗa tun farko, domin shirye-shiryen da aka yi dominsa sun san wannan matsala. Kada ka taɓa gyara maki ko ƙirƙiro takarda. Ramin ƙarya ƙurarre ne, jami'o'i suna tuntuɓar makarantun da suka fitar da takardu, kuma ana ƙwace tallafi ko da an yi nisa da karatu.

Ka ɗauki hoton kowace takarda a tsabtace, ka mayar da ita PDF, ka sa mata suna mai ma'ana, ka adana kwafi a wuri biyu.

Mataki na biyar: malaman da za su yi maka shaida

Galibi ana son mutum biyu ko uku. Ka zaɓi wanda ya san aikinka da idonsa, ko da ƙaramin malami ne, a kan babban farfesan da bai san fuskarka ba. Ka nemi alfarmar da wata guda ko fiye, ka ba shi taƙaitaccen tarihin karatunka, bayanin shirin, ranar rufewa, da abubuwa biyu ko uku da kuka yi tare waɗanda za su tuna masa da kai. Shirye-shirye da yawa kan aika wa malamin saƙon imel kai tsaye, don haka ka tabbatar adireshin da ka bayar yana aiki kuma yana buɗe shi. Saura mako biyu ka tuna masa cikin ladabi. Fom nawa ne ya mutu saboda wasiƙar malami ɗaya ba ta iso ba!

Mataki na shida: rubutun da za ka gabatar da kanka

Nan ne gizo ke saƙar. Maki yakan kai mutum bakin ƙofa, rubutu ne yake shigar da shi.

Kuskuren da ɗalibai marasa galihu suka fi yi shi ne mayar da rubutun takardar koke. Shafi guda cur ana labarin talauci, maraici da wahala, sai a layin ƙarshe a ce a taimaka. Na fahimci dalilin, wahalar gaskiya ce, kuma mutum yana ganin ai dominta aka yi shirin. Amma ka tuna duk wanda ya nemi wannan tallafi yana da irin labarinka ko wanda ya fi shi ɗaci. Halin da ka fito ciki shi ne ya ba ka damar shiga layi, ba shi ne zai sa a zaɓe ka ba. Abin da masu tantancewa ke nema shi ne me ka yi da ɗan abin da ka samu, kuma me za ka yi idan aka ba ka da yawa.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne: kunya. Wani zai ɓoye nakasarsa, wata za ta ƙi faɗin cewa ta dakatar da karatu shekara biyu tana jinyar mahaifiyarta, sai mai karatu ya ga giɓi a tarihinta babu bayani. Wani kuma an rene shi a kan cewa yabon kai jahilci ne, sai ya rubuta "mun yi" a wurin da shi kaɗai ya yi aikin. Faɗin abin da ka yi, kamar yadda ya faru, ba fariya ba ne. Mai tantancewa bai san ka ba, abin da ka rubuta kaɗai yake gani.

Tsarin da nake ba da shawara shi ne ka faɗi halinka a jimla biyu ko uku, a miƙe, ba kuka ba ƙawa. Daga nan ka shiga aiki. Kwatanta waɗannan biyu. Ɗaya ta rubuta: "Na taso cikin wahala, ina matuƙar son ilimi, kuma burina in taimaki al'ummata." Ɗayar ta rubuta: "Mu biyu ne mata a ajinmu na injiniyanci. A shekara ta uku na fara koyar da 'yan matan sakandare lissafi duk Asabar, na fara da biyar, kafin in gama sun kai talatin, huɗu daga cikinsu yanzu suna karatun kimiyya." Ta biyun ba ta ce tana son al'ummarta ba, amma wa zai yi shakka? Duk inda ka rubuta siffa irin ta jajircewa ko shugabanci, ka goge ta ka sa abin da ya faru a gurbinta: me ya taso, me ka yi, me ya biyo baya.

Sannan ka ɗaure jiya da gobe. Me ya sa wannan kwas, a wannan jami'a, ba wani ba? Ka ambaci darasi ko malami ko ɗakin binciken da ya ja hankalinka da sunansa. Me za ka yi a shekarar farko bayan ka gama, me kuma kake hange nan da shekara biyar? Buri madaidaici da aka fayyace ya fi babban buri mai hazo. Wanda ya ce zai kawar da talauci daga nahiyarsa bai faɗi komai ba.

Ka amsa tambayar da aka yi maka. Idan shirin ya raba tambayoyi, kamar yadda Chevening ke tambaya daban-daban kan shugabanci, hulɗa da mutane, zaɓin kwas da shirin aiki, kada ka maimaita labari ɗaya a ko'ina. Kada ka wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade. Kada ka kwafi rubutun wanda ya taɓa ci, kada kuma ka bar manhaja ta rubuta maka rayuwarka. Ana bincikar kwafe, kuma rubutun da ba naka ba zai tona ka ranar ganawa. Ka rubuta, ka ajiye kwana biyu, ka karanta da ƙarfi, sannan ka ba mutum biyu su duba: wanda ya san ka, ya gaya maka abin da ka manta, da wanda bai san fanninka ba, ya gaya maka inda bai gane ba.

Mataki na bakwai: idan kuɗin bincike kake nema

Wannan wata gona ce daban. A tallafin karatu kai ake dubawa, a kuɗin bincike tambayarka ake dubawa tukuna.

Ka fara da ƙananan kuɗi: na sashenka, na zuwa taron masana, na aikin fili. Ƙaramin tallafi ɗaya da ka karɓa ka yi aikin ka kai rahoto shi ne shaidar da babban mai bayarwa ke son gani. Daga nan ka duba na fanninka. TWAS, cibiyar da masanin fiziks Abdus Salam ya jagoranci kafawa a 1983, tana ba masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa guraben digirin digirgir da kuɗin bincike. Gidauniyar Wenner-Gren tana biyan aikin fili na ɗaliban digirin digirgir a ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa, ba tare da duba ƙasar mutum ba. Gidauniyar Rufford tana ba da ƙananan tallafi na kare namun daji da muhalli a ƙasashe masu tasowa.

Guraben digirin digirgir da yawa suna buƙatar malamin da ya yarda zai duba aikinka tun kafin ka cika fom. Ka karanta maƙalarsa biyu ko uku, sannan ka aika masa gajeren imel: ko kai wane ne, tambayar da kake son bi, inda ta haɗu da aikinsa, da tallafin da kake shirin nema. Saƙo ɗaya da aka tura wa malamai hamsin ana gane shi daga layin farko. Idan mako biyu ya wuce shiru, ka sake tuntuɓa sau ɗaya, sannan ka wuce gaba.

Daftarin binciken kansa ya amsa abubuwa biyar a fili: mece ce tambayar, me aka riga aka sani kuma ina giɓin yake, ta wace hanya za ka samo amsa, cikin wane lokaci, da nawa. Ka matse tambayar har ta zama abin da mutum ɗaya zai iya gamawa da kuɗin da ake bayarwa. Sabon mai bincike yakan so ya ɗauki duniya a ka, masu tantancewa kuwa abin da zai yiwu suke saya. A nan ne asalinka ke zama ƙarfi na gaske: idan kana jin harshen mutanen da za ka yi bincike a cikinsu, ko sun yarda da kai, ko kana ganin matsalar da baƙo ba zai gani ba, ka rubuta shi a sashen hanyar aiki a matsayin dalilin da ya sa kai ne za ka iya wannan bincike.

Kasafin kuɗi ya tafi kafaɗa da kafaɗa da aikin. Duk abin da ka sa wa kuɗi ya kasance an ambace shi a hanyar aiki, duk aikin da ka ambata kuma a ga kuɗinsa. Ka duba abin da mai bayarwa ya hana, wasu ba sa biyan albashi, wasu ba sa sayen kwamfuta, wasu ba sa biyan kuɗin makaranta. Kada ka kumbura farashi, kada kuma ka rage don a ga kana da sauƙin kai, domin kai ne za ka maƙale a tsakiyar aiki. Idan binciken ya shafi mutane ko dabbobi, sai ka sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, wanda kan ɗauki makonni ko watanni, don haka ka sa shi cikin jadawali. Wasu tallafin ba a ba ɗalibi a hannu, ta asusun jami'a suke bi, kuma sai wani jami'i ya sa hannu kafin a tura fom. Ka gano ko wane ne shi da wuri. Ka kuma buɗe lambar ORCID, kyauta ce, ita ke haɗa ayyukanka wuri ɗaya. Ka nisanci mujallun da ke buga komai cikin kwana uku muddin an biya, sunansu a tarihinka ragi ne ba ƙari ba.

Mataki na takwas: turawa da ganawa

Ka tura da sauran kwanaki, domin shafuka kan cushe a ranar ƙarshe. Ka duba cewa sunanka iri ɗaya ne a fasfo, takardun makaranta da fom. Ka adana saƙon da ke tabbatar da an karɓa, ka riƙa leƙa akwatin da imel ke jefa saƙonnin banza, gayyatar ganawa takan faɗa can.

Idan aka kira ka ganawa, ka sake karanta duk abin da ka rubuta, daga ciki za a yi maka tambaya. Ka sami wanda zai zauna ya yi maka gwaji. Ka ba da amsa da misali, idan ba ka san abu ba ka ce ba ka sani ba. Mai buƙatar tafintan kurame, ƙarin lokaci ko ɗakin da keke zai shiga ya sanar tun ranar da aka gayyace shi. Idan ta intanet ce, ka gwada na'ura da layin tun jajibiri, ka tanadi wata hanyar ko da wannan ta yanke.

Game da 'yan damfara magana ɗaya ce: tallafin gaskiya ba ya cewa ka biya kafin a ba ka, ba ya zuwa wa wanda bai nema ba, ba ya tambayar lambar sirrin asusunka. Duk wanda ya ce yana da hanya a ciki, kuɗinka yake so. Jami'a za ta iya karɓar kuɗin cike fom, amma ta shafinta, ba ta asusun wani mutum ba.

Bayan sakamako ya fito

Idan ba a ɗauke ka ba, ka duba ko suna ba da bayanin dalili, masu ba da kuɗin bincike da yawa sukan turo sharhin masu tantancewa, kuma wannan sharhi darasi ne kyauta. Ka ajiye takardunka, ka gyara inda aka nuna, ka ƙara abu ɗaya a tarihinka kafin zagaye na gaba: aikin sa-kai, gajeren kwas, ko maƙala. Shirye-shirye da yawa suna barin mutum ya sake nema, kuma fom na biyu ba ya cin rabin lokacin na farko.

Idan an ɗauke ka, ka karanta yarjejeniyar kafin ka sa hannu: makin da ake so ka riƙe, rahoton da za ka riƙa kaiwa, ko an yarda ka haɗa da wani tallafin, ko an yarda ka yi aiki. Ka tambayi ranar da alawus na farko zai shigo, domin sau da yawa sai mutum ya isa ya buɗe asusu, ka tanadi abin da zai riƙe ka makonnin farko ko ka nemi a ba ka wani abu tun kafin tafiya. Mai kuɗin bincike ya adana kowane rasit tun daga ranar farko, ya kuma nemi izini a rubuce kafin ya karkatar da kuɗi daga wani layi na kasafi zuwa wani. Da zarar ka isa makaranta, ka je ofishin da ke kula da masu nakasa ko baƙin ɗalibai ka yi rajista a makon farko, tun kafin wata matsala ta taso.